Shagon kwamfuta a Mabera da ya koma Linux: wasannin da suka tashi, waɗanda suka ƙi, da wahalar sayen na farko

Shagon ɗaki biyu ne a unguwar Mabera cikin birnin Sakkwato. Da rana ana buga takardu, ana fotokofi, ana tsara katin biki, masu shirin JAMB su zo su saba hannu da jarabawar kwamfuta. Daga la'asar sakaliya zuwa bayan isha'i kuwa wurin na yara ne da samari masu buga gem, ana biya da awa. Kwamfutocin tebur shida ne, duk na gwanjo, irin waɗanda ofisoshin Turai suka gama yayinsu: HP da Dell masu Core i5 zubi na huɗu, RAM gigabait 8, babu katin hoto, wato abin da ke zana hoton wasa a allo, na daban sai wanda ke cikin firosesa. A kusurwa akwai PlayStation 4 guda ɗaya da talabijin. Mai shagon magidanci ne, ƙanensa ke zama da yamma, ginin kuma na mahaifinsu ne. Ni sana'ata gyaran kwamfuta da koyar da ita. Ni da wani ɗalibin kwalejin fasaha ta Umaru Ali Shinkafi muka yi aikin, daga Oktoban 2025 zuwa shigowar zafi.

Ciwon da ya kawo maganar

Duk wasan da ke kan kwamfutocin nan fasasshe ne, wato an karya makullinsa don ya tashi ba tare da an biya ba. A filashi ake kawo su, daga hannun wannan zuwa na wancan. Kafin fasasshen wasa ya zauna sai an kashe mai gadin Windows, saboda shi zai kama fayil ɗin ya goge. Da zarar an kashe shi, komai ma ya samu ƙofa. Kwamfuta biyu fankarsu na kuka ko babu kowa a kansu, firosesa ta cika tana wani aiki da ba wanda ya sa ta. Filashin duk wanda ya kawo takarda ya koma gida da bairos mai ɓoye fayiloli. Ranar da wata malamar makaranta ta rasa tambayoyin jarabawar zango da ta kwana tana bugawa, ba ta yi faɗa ba, amma ba ta sake dawowa ba, kuma ita ce ke kawo aikin makarantarsu gaba ɗaya.

Ana cikin haka ranar 14 ga Oktoba, 2025 ta zo, ranar da Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum. Windows 11 kuma yana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da firosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, ban da 'yan ƙalilan. Kwamfutocin shagon ba su kai ba. Sayen sababbi shida ba ya cikin lissafi. Mai shagon ya ce mini: "Malam, ka hwaɗa mani gaskiya. In akwai abin da za a sa wanda ba shi cin bairos, a sa. Ni na gaji da goge kwamfuta kullum."

Na gaya masa akwai Linux. Tsarin sarrafa kwamfuta ne da Linus Torvalds ya fara a Finland a 1991, asalin rubutunsa a buɗe yake ga kowa ya duba, ya gyara, ya raba, ba a sayen lasisi. Bairos ɗin filashi da aka rubuta don Windows ba ya tashi da kansa a kai. Na kuma gaya masa a gaban ƙanensa cewa za a rasa wasu wasanni, har da waɗanda suka fi kawo kuɗi. Ƙanen bai ji daɗi ba. Ya ce: "Yaya, yaran ga ba su zamnawa in babu ƙwallo." Gaskiya ya faɗa, kuma za mu dawo kanta.

Muka ɗora Linux Mint, wani nau'in Linux, a kan biyar, saboda fuskarsa ta yi kama da Windows, yaro ba zai tsaya neman inda zai danna ba. Ta shida muka bar ta a Windows, muka cire ta daga intanet, don CorelDRAW da ake katin biki da shi ba shi da na Linux, manhajar gwajin JAMB ɗinsu ma ta Windows ce. Firintar HP ta kama aiki ba tare da an nemo mata komai ba. LibreOffice ya ɗauki buga takardu. Ɓangaren rana ke nan, bai ba mu wahala ba.

Yadda wasan Windows ke tashi a Linux

Yawancin wasannin kwamfuta don Windows aka rubuta su. Suna magana da katin hoto da yaren Microsoft da ake kira DirectX, Linux kuma Vulkan da OpenGL yake ji. Tun 1993 akwai wata manhaja, Wine, da ke sa shirye-shiryen Windows su yi aiki a Linux, amma wasanni sun daɗe suna ba ta kashi. Kamfanin Valve, mai kasuwar wasanni ta Steam, ya kawo Steam kan Linux a 2013, sannan a Agustan 2018 ya fitar da Proton, wanda ya haɗa Wine da wata manhaja mai suna DXVK. Aikin Proton aikin tafinta ne a kotu: wasa ya yi magana da DirectX, shi ya juya wa katin hoto da Vulkan nan take. Da Valve ya fitar da ƙaramar na'urarsa ta hannu, Steam Deck, a Fabrairun 2022, wadda kan Linux take tafiya, sai gyaran Proton ya zama maganar cinikin kamfanin kansa. Shi ya sa dubban wasanni ke tashi yau da danna maɓalli ɗaya.

Wannan duk gaskiya ne, kuma shi ɗalibin nan ya karanta ya zo da zumuɗi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, Proton na zamani ya dogara da Vulkan, katin hoton da ke cikin Intel zubi na huɗu kuma Vulkan ɗinsa rabi-da-rabi ne. Ka danna wasa, maɓallin ya nuna yana tashi, bayan daƙiƙa kaɗan ya koma yadda yake, babu hoto babu bayani. Akwai dabara: a wurin umarnin tayar da wasa a rubuta PROTON_USE_WINED3D=1 %command%, sai a bi ta OpenGL. Tsofaffin wasanni suka tashi da haka. Sababbi suka tashi suna rarrafe, ko suka ƙi.

Sai maganar sayen katin hoto. Ƙanen mai shago ya so RX 580, don shi ya ji ana yabo. Muka buɗe akwatin kwamfuta ɗaya a gabansa. Akwatin siriri ne, katin ba zai shiga ba ko an cire murfi. Tukunyar wutar ciki ƙarama ce, ba ta da igiyar da irin wannan kati ke sha. Kuma ko ya shiga, shago ne da rabin yininsa kan janareto da batirin sola yake, a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Aka sayo RX 550 guda biyu na hannu, gajeru, masu shan wajen watt 50 daga ramin da aka soka su kawai. Na zaɓi katin kamfanin AMD da gangan: direbansa, wato manhajar da ke sarrafa katin, na cikin Linux tun asali, ka soka ka kunna, shi ke nan. Na Nvidia sai an sauko da shi daban, tsofaffin katunansa kuma sukan ba da ciwon kai bayan sabuntawa. Kwamfutoci biyun nan su suka zama na Steam.

Wani abu ya ci mana yamma guda. Faifan ajiya na biyu da ke cikin ɗaya daga cikinsu yana kan tsarin NTFS na Windows, wasannin Proton da aka ajiye a kai suka ƙi motsi. Da aka kwashe abin da ke ciki aka mayar da shi ext4 na Linux, matsalar ta wuce.

Ƙwallo

A nan babu dabara. Tun FIFA 23 kamfanin EA ya sa wa wasan ƙwallonsa na kwamfuta wani mai hana maguɗi da ke shiga can cikin zuciyar Windows, ya kuma ci gaba da shi bayan wasan ya koma EA Sports FC a 2023. Proton ba ya iya juya irin wannan. Haka Valorant da Fortnite da sababbin Call of Duty. Apex Legends ya yi shekaru yana tafiya a Linux, kamfanin ya rufe ƙofar a Oktoban 2024. GTA V ɓangaren labarinsa na tashi, amma na intanet ya daina tun Satumban 2024 da aka sa masa mai hana maguɗi na BattlEye. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, BattlEye da takwaransa Easy Anti-Cheat duka sun sanar tun 2021 cewa suna iya aiki da Proton, sai dai in mai wasan ya yarda ya kunna. Wasu sun kunna, manya da yawa sun ƙi. Masu Linux kusan kashi 2 cikin 100 ne na masu Steam a 2024, kamfanonin sun auna sun ga ba sai sun wahala a kansu ba. Ina ganin hujjarsu ta tsoron masu maguɗi, amma wanda ya biya kuɗinsa yana wasa lafiya aka wayi gari an kulle shi waje, an cuce shi.

Makon farko samari suka riƙa leƙowa, su tambayi ƙwallo, su juya. Layi ya taru kan PlayStation ɗaya tilo. Ƙanen mai shago ya yi fushi sosai, har ya ce a mayar da Windows ko a kan biyu ne. Yayansa ya ƙi. Ya ce abin da ke ciyar da gida shi ne aikin rana, kuma aikin rana ne bairos ke kashewa.

Abin da ya riƙe ƙananan yara ba mu zata ba. A kan kwamfutoci ukun da ba su da kati muka ɗora wasannin da su ma a buɗe suke kamar Linux: SuperTuxKart na tseren motoci, Xonotic na harbi, da 0 A.D. na gina gari da yaƙin zamanin da. Duka ukun suna haɗuwa ta wayar da ta haɗa kwamfutocin shagon, ba sa neman intanet ko kaɗan. Wani yaro ɗan firamare, yana laluben SuperTuxKart, ya gano akwai filin ƙwallo a ciki, inda motoci ke tura ƙatuwar ƙwallo zuwa raga. Ya yi ihu ya kira abokansa. Aka soka hannun gem biyu a kwamfuta ɗaya, allon ya rabu gida biyu, na kusa da su ma suka shigo ta waya. Kafin magariba har an raba ƙungiya, 'yan Mabera da 'yan Minanata, ana musu kan wanda ya ci gida. Samari manya ba su kalle shi ba, amma 'yan shekara takwas zuwa sha uku sun zama 'yan gida.

Sayen wasa na farko

Nan ne lamarin ya fi nauyi, domin shagon ya yi shekaru ana buga gem a cikinsa amma ba a taɓa sayen wasan kwamfuta ko ɗaya ba. Steam ba ya sa wa ɗan Najeriya farashi da naira, da dala yake sa wa. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Wasan dala 60 ya zama kuɗin da ya fi mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ga kuma hanyar biya: a 2022 bankuna suka rage abin da katin naira zai kashe a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawa suka rufe gaba ɗaya, sai a tsakiyar 2025 wasu suka sake buɗewa. Katin mai shagon ya ƙi wucewa. Ya je bankinsa, aka ce a cike takarda, aka ce a jira. Daga ƙarshe katin dala na cikin waya ya buɗe, wanda ake zuba masa naira a canza, ana cire ɗan kuɗin hidima a kowane zubi.

Kafin nan ƙanen ya riga ya bi gajeriyar hanya. A wani zauren WhatsApp ya sayi asusun Steam da aka ce yana ɗauke da wasanni barkatai, a kuɗin da bai kai na wasa ɗaya ba. Ya yi kwanaki yana murna. Wata safiya kalmar sirri ta ƙi, mai asusun na asali ya karɓe abinsa, wanda ya sayar kuma lambarsa a kashe. Babu inda za a kai ƙara, don ƙa'idar Steam ta hana sayar da asusu tun farko. Wani kuma ya ba su shawarar su ɓoye ƙasarsu su nuna suna Turkiyya ko Ajantina don samun araha. Wannan ma saɓa ƙa'ida ne da kan jawo a takura asusu, kuma tun Nuwamban 2023 Valve ya mayar da farashin ƙasashen biyu kan dala.

Hanyar da ta yi aiki ita ce haƙuri. Steam na yin babban rangwame a ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba. A na Disamba aka sayi Portal 2 da Left 4 Dead 2, kowanne wajen dala 1, da Euro Truck Simulator 2, wasan tuƙin tirela na kamfanin SCS da ke ƙasar Cek, wanda ya sauko ƙasa da dala 10. Duka ukun suna da na Linux na kansu, ba sa buƙatar Proton. Na tirelar shi ya fi karɓuwa, musamman wurin 'ya'yan direbobi, waɗanda ke zama su yi ta gyara fakin har sai tirela ta shiga daidai.

Kafin a sayi kowane wasan Windows ana duba shafin ProtonDB, inda masu wasa ke rubuta yadda ya tafi a na'urarsu, daga Platinum mai tashi ba gyara har Borked wanda ba ya tashi sam. Na koya wa ƙanen kada ya tsaya kan launin lambar yabo, ya gangara ya nemi mai kati irin nasu. Duk da haka wani wasan tsere mai Gold, matakin da ke bin Platinum, ya zo yana yankewa a RX 550. Steam na mayar da kuɗi in ba a wuce kwana 14 da saye ba kuma ba a buga awa 2 ba. Aka nema, aka zaɓi kuɗin ya dawo cikin jakar Steam maimakon katin, don kada canji ya sake cinye wani abu.

Data ma kuɗi ce, balle bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da hukumar sadarwa ta amince wa kamfanonin waya a Janairun 2025. Proton da kayan da yake tafiya da su kaɗai sun haura gigabait guda. Steam kuma yana da ɗabi'ar sauko da wasu fayilolin hoto da aka riga aka sarrafa, ya sabunta su a kai a kai. Muka kashe wannan a saituna, muka sa kowane wasa kada ya sabunta sai an tayar da shi, ake sauke manya da datar dare. Tun 2023 Steam na iya kwaso wasa daga kwamfutar da ke kusa ta wayar da ta haɗa su, don haka sau ɗaya ake saukewa. GTA V, mai kusan gigabait 100, ba a ma fara ba.

Haƙƙin mai shi

Akwai maganar da na ga wajibi ne in faɗa wa mai shagon duk da na san za ta rage masa murna. Wasan da ka saya a Steam izinin bugawa ne na kai kanka, tun Oktoban 2024 ma shafin biya yana rubuta cewa lasisi kake saye. Bai halatta ka ɗora shi a shago kana karɓar kuɗi ba. Don irin wannan sana'a Valve na da shiri daban, Steam PC Café, inda shago ke rajista ya sayi lasisin kasuwanci, kuma ba kowane wasa ke ciki ba. Kasuwar GOG na sayar da wasanni marasa makulli, ka sauke fayil ɗin ka ajiye, ka ɗora ko babu intanet, manhajar Heroic ko Lutris ta tayar maka da shi a Linux. Ga mai kwamfuta a gida a Sakkwato, inda intanet ke zuwa tana ɗaukewa, ban san abin da ya fi wannan dacewa ba. Amma rashin makulli ba izinin haya ba ne. Wasannin da kasuwar Epic ke rabawa kyauta duk mako, su ma na asusun mutum ne.

Maganar ta kai kunnen mahaifinsu, dattijo ne da bai taɓa riƙe hannun gem ba. Ya tambayi ɗansa ko waɗanda aka goge ɗin da izinin masu su aka sa su. Aka ce a'a. Ya ce: "To, tunda kunka sani, ku hitar da shi cikin abincinku." Bai ƙara komai ba, ba a kuma sake tayar da zancen mayar da fasassu ba.

Yadda aka tsara daga nan: kwamfutoci uku na buɗaɗɗun wasanni, waɗanda lasisinsu bai hana a yi sana'a da su ba, ana biyan kuɗin zama. Biyu masu kati, duk mai asusun Steam na kansa ya shiga da shi ya buga abin da ya mallaka, ko Dota 2 da yake kyauta kuma yana da na Linux, ya fita in ya gama. Ɗaliban jami'ar Usmanu Danfodiyo 'yan kaɗan sun fara zuwa saboda wannan. Wasanni ukun da aka saya suna kan asusun ƙanen, shi da 'yan gida ke bugawa, an daina karɓar kuɗi a kansu, abin da ya ɓata wa masu son tirela rai ƙwarai.

Cinikin yamma bai koma yadda yake ba. Samarin ƙwallo da yawa sun koma wani shago a bakin titi, yaran da suka maye gurbinsu kuma kuɗinsu bai kai nasu ba. Na rana ya ƙaru, tun da filashin mutane ya daina dawowa da cuta, kuma tun ranar da aka ɗora Linux Mint ba a goge kwamfuta ko ɗaya ba. Abin da ya tsayar da su a hunturu ƙura ce da ta toshe fankar kati ɗaya, aka busa ta ta tashi. Kuɗin da a da ke tafiya wurin gyara ana tara shi don PlayStation ta biyu, domin ƙwallo can za ta zauna. Mai shagon ya fara rajistar sunan kasuwancinsa a hukumar CAC, kafin ya nemi shiga Steam PC Café, kuma wasan tirelar ne zai fara dubawa ko yana cikin jerin.